Tsabtar Gida da Haƙƙin Kogi: Tarihin Dagwalon Masana'antu a Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Gabatarwa

A ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata akan tsayar da zirga-zirga a birnin Kano da safe, magidanta da samari su fito da shebur da manjagara, a yashe kwatoci, a tattara shara a bakin titi domin motocin hukuma su kwashe. Wannan al'ada ta kai shekara arba'in, wato ta girmi yawancin waɗanda ke yin ta a yau. Amma a daidai wannan safiya, kilomita kaɗan kudu da ganuwa, rafin Salanta yana nan yana gangarawa da ruwan da ya fito daga masana'antun Sharaɗa, wata rana baƙi, wata rana ja ko shuɗi, ya nufi kogin Chalawa. Babu shebur ko tsintsiyar da ke taɓa shi.

Wannan lacca ta ginu ne a kan tambaya guda. Ina ne iyakar abin da mutum zai iya gyarawa da hannunsa a cikin gidansa, ina ne kuma aka shiga hurumin da gyara ba ya yiwuwa sai jama'a sun haɗa baki sun fuskanci masu masana'antu da hukuma? Ana yin wannan tambaya a ƙasashe da dama, amma Kano tana da tarihin da zai amsa ta, domin kuwa sana'o'in da suka fi ɓata ruwanta a yau, wato jima da rini, su ne dai suka ɗaukaka sunanta tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Birni da jujinsa kafin zuwan inji

Kano ba baƙuwar masana'antu ba ce. Binciken da aka yi a dutsen Dala ya nuna an narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya. An ce karofin Ƙofar Mata ya kafu a 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda kuma shi ne ya kafa kasuwar Kurmi a gefen Jakara. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar suna kawo wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Fatar jan akuya kuwa, wadda majema ke jemewa, ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta biyo.

Kada a ɗauka tsohon birnin ba shi da ƙazanta. Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824, da shi Barth ɗin, dukansu sun koka da fadamar Jakara da kududdufan cikin gari, inda ruwa ke kwanciya ana zuba masa datti. Warin jima ma ba sabon abu ba ne ga maƙwabtan majema. Sai dai akwai abu biyu da suka bambanta wancan zamani da wannan.

Na farko, kayan aikin daga ƙasa suka fito, kuma ƙasa suke komawa. Majemi yana tuje gashin fata da ruwan toka, ya tausasa ta da kashin tattabara, ya jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Marini yana haɗa baba da toka da katsi. In marina ta mutu, sai a kwashe katsin da ya kwanta a gindinta, a shanya, a ƙone. Wani a mayar cikin sabon haɗi, wani kuma magina su cuɗa shi da gashin jima da dafara, ya zama laso, wanda ake daɓe ita kanta marinar da shi, a kuma shafe bango da rufin soro don kada ruwa ya ci su. Wato abin da marini da majemi suka yar, shi ne jarin magini.

Haka jujin gidaje yake. Toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida sukan ruɓe su zama taki, manoman karkara su shigo da jakunansu ɗauke da itace, su koma da mangaloli cike da takin. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan musaya tun cikin shekarun 1960, ya kuma nuna cewa da ita ce gonakin kewayen Kano suke jure noma shekara da shekara ba hutu, duk da yawan jama'ar da ke kansu. Matar da ta share gidanta ta zuba a juji, ashe gonar da za ta ci hatsinta take wa hidima.

Na biyu, mai ɓata wuri maƙwabci ne. Majemi a unguwar yake kwana, rijiyar unguwar yake sha. Marina suna da Sarkin Karofi, unguwa tana da mai unguwa, sama da su akwai hakimi da alƙali, kuma malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan hana cutar da maƙwabci da hayaƙi ko wari ko ruwan kwata. Saboda haka ɗabi'ar gida da dokar gari ba su rabu ba. Wanda aka cuta ya san wanda ya cuce shi, ya kuma san ƙofar da zai kai kuka.

Jirgin ƙasa, famfo da Bompai

Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da fata da ƙirgi ya bunƙasa, kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Labanan suka kafa kantuna a wajen ganuwa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), En'e ta Kano ta gina gidan ruwa da na lantarki a bakin kogin Chalawa, kusa da Panshekara. Daga nan birnin ya rataya ƙishirwarsa a kan wannan kogi. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin zai sake dawowa.

Da ruwa da wuta suka samu, sai masana'antun zamani suka biyo baya. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa cikin na 1950 yankin Bompai, a arewa maso gabas da tsohon birni, ya fara cika da injinan matse man gyaɗa, da majemun zamani, da ma'aikatun sabulu da turare da alewa, daga baya kuma masaƙu da masu ƙera kwanuka da kayan roba. Ruwan da suke fitarwa yana bin rafin Getsi, Getsi ya haɗu da Jakara wadda ta riga ta ɗebo dattin birni da na mayanka, su nausa arewa maso gabas. A 1976 aka datse wannan ruwa a Wasai, cikin ƙasar Minjibir, da nufin noman rani. Tun daga lokacin abin da Bompai ta zubar yana da wurin kwanciya.

Sharaɗa da Chalawa

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma zamanin Gwamna Audu Baƙo (1967-1975) ya zo daidai da yalwar kuɗin man fetur. An gina madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, dokokin mallakar kamfanoni na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran gida cikin harkar masana'antu, Bompai kuwa ta cika. Sai aka yanka sababbin filaye a Sharaɗa, kashi-kashi har uku, sa'an nan aka ƙara da yankin Chalawa, can kusa da kogin. A wancan lokaci wuraren nan bayan gari ne, gonaki da ƙauyuka ne kewaye da su. An shimfiɗa musu tituna, an ja musu wuta, an haƙa musu magudanai, amma ba a gina wurin tace dagwalo na haɗin gwiwa ba. An bar wa kogi wannan aiki.

Dagwalon Sharaɗa yana bin Salanta ta wajen Sabuwar Gandu. Na Chalawa kuwa yana faɗawa kogi ta wajen 'Yandanko. Kogin Chalawa ya haɗu da kogin Kano a yankin Tamburawa, inda birnin yake da wata babbar matatar ruwan sha, daga nan ruwan ya wuce Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Cadi. Masunta da makiyaya da masu noman rani da ke wannan dogon zango ba su da hannu a abin da aka zuba a sama, amma su ke karɓarsa.

Abin da ke cikin ruwan

Domin a fahimci dalilin da ya sa tsabtar gida ta kasa a nan, wajibi ne a duba yadda jimar zamani ta bambanta da ta gargajiya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Turai da Amurka suka koma jima da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam, saboda yana gama aiki cikin sauri ƙwarai, fatar kuma ta fi jure zafi da ruwa. Kafin a kai ga wannan mataki, akan jiƙa fata a wanke gishirin da aka adana ta da shi, a tuje gashinta da farar ƙasa da sinadarin salfayid, wanda shi ne ke ba da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A hanyar da aka saba, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuromiyam ɗin da aka zuba ba ya shiga fata, sai ya fita da ruwan wanki. Masaƙu kuma suna ƙara nasu launukan rini da soda.

Bagaruwa da baba suna ruɓewa, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, ya taru a ƙasar da aka yi wa ban-ruwa, wani ya shiga jikin ganye da kifi, wani ya tsiyaya zuwa rijiyoyi marasa zurfi. Irin kuromiyam ɗin da ake jima da shi ba shi ne mafi muni ba, amma a wasu yanayi, kamar in an ƙona tarkacen fata, yana rikiɗa ya koma nau'in da ke cin fatar jiki yana kuma haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha a kan miligiram 0.05 cikin lita guda, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ɗanɗanawa.

To, a nan dabarun gida suka tsaya. Uwargida tana iya tafasa ruwa ta kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, amma tafasawa ba ta fitar da ƙarfe, hasali ma in ruwa ya ƙone, abin da ya rage ya fi kauri. Tana iya wanke latas da gishiri, amma abin da saiwa ta zuƙa ya riga ya zama jikin ganyen. Kuma ba sai mutum yana zaune a Kumbotso ko Gama ba, domin kayan lambun da aka noma a bakin Jakara da Getsi da Salanta kasuwannin birni ake kai su.

Ba a rasa shaida ba. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun shafe shekaru suna auna waɗannan ruwaye. A 1999 M. H. Bichi da B. U. Anyata sun wallafa nazari a kan dagwalon masana'antu a kwarin kogin Kano. A 2003 Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Idris Tanko sun wallafa nasu a kan ruwa da ƙasa da lafiya a noman lambu na cikin birnin da kewayensa, suka nuna gurɓatar ruwan da manoma ke ban-ruwa da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta ɗauki wannan ilimi daga ɗakin karatu zuwa zauren mai unguwa.

Hukuma ta fi sanin ƙofar gida

Wani abin lura a tarihin kula da muhalli a Kano shi ne, ƙarfin hukuma ya fi sauka a kan magidanci. A zamanin En'e duba-gari ke shiga gidaje, ya leƙa randa da kwata da masai, wanda aka samu da laifi a ci shi tara. Makarantar koyon aikin tsabta ta Kano, wadda ta horar da ma'aikatan, tun shekarun 1930 take. A watan Yuli na 1985, a nan Kano Manjo-Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da kashi na biyar na shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wato na tsabtar muhalli, kuma daga wannan shiri ne sharar wata-wata ta kafu. Babu mai musun amfanin waɗannan matakai. Sai dai sun koya wa jama'a cewa muhalli shi ne ƙofar gida da kwatar unguwa, alhali a wancan lokaci ƙasar ba ta da hukumar tarayya mai sa ido a kan dagwalon masana'antu.

Wannan hukuma ta samu ne sakamakon wani abin kunya. A 1988 aka gano an jibge fiye da tan 3,000 na shara mai guba daga Italiya a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta lokacin. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka rubuto wa jaridu, jaridu suka bi diddigi, gwamnati ta farka. A shekarar aka kafa dokar hana shara mai guba da kuma Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace dagwalonta, a 1992 aka yi dokar auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2007 hukumar NESREA ta karɓi aikin tilasta bin dokokin, a 2009 kuma aka yi wa masaƙu da majemu ƙa'idoji na musamman. A matakin jiha an kafa KASEPPA, daga baya kuma REMASAB domin kwashe shara.

Saboda haka doka ba ta yi ƙaranci ba. Amma ana iya kafa na'urar tacewa a bar ta a kashe, domin kunna ta yana cin man janareta da sinadarai. Maganar gina matatar haɗin gwiwa ga yankunan uku kuwa ta daɗe tana yawo tsakanin gwamnatin tarayya da ta jiha da masu masana'antu. Aikin rufe Jakara da titin Wuju-Wuju, wanda aka fara a gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu (2011-2015), ya kawar da ruwan daga idon mutanen cikin gari a inda aka rufe, amma rufewa ba ta sake abin da ke isa Wasai.

Me ya sa kukan bai yi ƙarfi ba?

Kano gari ne da ya san neman haƙƙi. A nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, a nan Malam Aminu Kano ya koya wa talaka ya ce a'a. Mazauna gefen Salanta da Chalawa ma ba su yi shiru ba. Sun sha kai kuka ga dagatai da 'yan jarida a kan wari da lalacewar rijiyoyi da mutuwar kifi, musamman bayan buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom wanda ya fara aiki a 2003 kuma a Sharaɗa yake. Duk da haka kukan bai zama ƙungiya mai ɗorewa irin wadda Ken Saro-Wiwa ya jagoranta a ƙasar Ogoni daga 1990 ba. Akwai dalilai.

Na ɗaya, abinci. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar atamfa ta fasa-ƙwauri, masana'antu da yawa a yankunan uku sun rufe. Wanda ɗansa ke aiki a majemar da ta rage ba zai so ya zama sanadin rufe ta ba. Na biyu, su kansu manoman lambu da dagwalon suka dogara, domin shi ne ke sa rafuffukan nan gudu da rani, yana kuma ɗauke da ɗan taki. In suka ɗaga murya cewa ruwan guba ne, kasuwar kayansu suka kashe. Na uku, cutar ba ta zuwa da gaggawa. Kwalara tana kisa cikin kwana biyu, gari ya ɗauka. Ƙarfe kuwa yana taruwa cikin shekaru, in ciwo ya bayyana da wuya a ce ga musabbabinsa. Na huɗu, gari ya cim ma masana'antu, gidaje sun kewaye su, mai masana'anta yana iya cewa shi aka tarar. Na biyar, tsohuwar ƙofar kai kuka ta ƙuntata: mai unguwa ba shi da iko a kan kamfani, ikon ya rarrabu tsakanin Abuja da jiha da ƙaramar hukuma, kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Darasi daga wasu wurare

A ƙasar Japan, wata mahaƙar ma'adinai ta shafe shekaru tana zuba ƙarfen kadmiyam a kogin Jinzu da ke ratsa lardin Toyama, manoma suna ban-ruwan shinkafa da shi, ƙasusuwan mata suna karyewa. Likitan karkara Noboru Hagino ne ya dage da bincike har aka danganta ciwon da kogin. Mazauna suka kafa ƙungiya, suka shigar da ƙara a 1968, suka yi nasara a 1971, aka tabbatar musu a 1972. Abin da ya fi diyya muhimmanci shi ne yarjejeniyar da ta ba su damar shiga mahaƙar da masana su duba ta kowace shekara. Aikin sake ƙasar gonakin kuwa sai a 2012 aka kammala shi.

A Indiya, ƙungiyar mazauna Vellore ta kai majemun jihar Tamil Nadu gaban Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1996 cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, majemar da ta ƙi tace ruwanta kuma a rufe ta. A Bangladesh an kwashe majemun unguwar Hazaribagh zuwa Savar a 2017, amma da yake matatar da aka gina musu ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai ɓarnar ta koma wani kogin. Gina matata ke nan bai isa ba in babu mai sa mata ido.

Misalin da ya fi kusa yana Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Sashen maganin a hannun magidanta yake, wato fitar da niƙa daga tsakar gida, kuma da taimakon sarakuna aka cim ma hakan. Amma kankare gurɓatacciyar ƙasa ya fi ƙarfin kowane gida. Garin Bagega ya yi ta jira har 2013, sai da matasa da ƙungiyoyi da likitocin MSF suka matsa lamba kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Da an yi ɗaya an bar ɗaya, da yara sun ci gaba da mutuwa.

Rabon aiki

Daga wannan tarihi ana iya raba aikin gida biyu. Akwai ɓarnar da gidaje ne tushenta, kuma su ne maganinta. Leda ce babban misali. Tun da ta maye gurbin kwando da ƙwarya, ruwan leda kuma ya yaɗu a shekarun 1990, magudanai suke toshewa, ambaliya take shiga gidaje da damina, awaki suke mutuwa. Har tsohuwar musayar taki ta taɓu, domin nazarin Maconachie ya nuna manoman kewayen Kano suna kokawa da ledar da ta cika takin birni. Gidan da ya ware leda da batura da kwalabe daga toka da sharar da ke ruɓewa, ya miƙa wa 'yan jari-bola abin da za su iya sayarwa, ya maido da wani yanki na tsarin da ya riƙe birnin shekaru aru-aru. Bakaniken da ya daina zuba baƙin mai a kwata shi ma ya rage wa Jakara kaya. Wannan kuma yana ƙara wa mai kuka ƙarfin hujja, domin masu masana'antu sun saba cewa dattin gidaje ma yana cikin rafin, kuma gaskiya suka faɗa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da magani a gida. Ita tana bukatar abu huɗu da aka gani a Toyama da Vellore da Bagega: shaida, da ƙungiya, da doka, da haƙuri. Shaida tana nan a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, in an fassara ta da Hausa aka kai ta unguwanni, a kuma riƙa auna rijiyoyi ana rubuta sakamako da kwanan wata. Ƙungiya kuwa dole ta haɗa da manoman lambu da ma'aikatan majemu, ba ta zama abokiyar gabarsu ba, saboda haka bukatarta ita ce a tace ruwa, a kuma samar wa manoma madadin ruwan ban-ruwa. Wannan ba abu ne da ya gagara ba: akwai sananniyar hanyar kwantar da kuromiyam daga ruwan jima a sake amfani da shi, wadda ke rage wa majema kuɗin sayen sabo. Doka ma ta buɗe ƙofofi. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman rahotannin da ke hannun hukumomi. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a wata shari'a kan malalar mai, ta yarda cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin shigar da ƙara a madadin al'ummar da aka ɓata wa muhalli.

Kammalawa

An ga yadda a tsohuwar Kano sharar gida da ta sana'a suke komawa gona da gini, mai ɓarna kuma yana ƙarƙashin ikon unguwarsa. An ga yadda Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka kawo arziki tare da irin dattin da ƙasa ba ta iya cinyewa, suka kuma fitar da mai ɓarna daga hannun mai unguwa. An ga yadda hukuma, daga duba-gari zuwa sharar wata-wata, ta fi matsa wa magidanci, dokokin masana'antu kuwa suka zo a makare, aiki da su ya yi rauni.

Wanda ya tsabtace gidansa ya ce ya sauke nauyi, ya manta cewa ruwan famfonsa da ganyen miyarsa daga kogi suke. Wanda kuma ke zagin masana'antu yana watsa leda a kwata, ya ba abokin shari'arsa hujja. Kano ba ta rasa wurin haɗa ayyukan biyu ba, tun da sau ɗaya a wata hukuma da kanta take tsayar da motoci ta fito da mutanen unguwa waje guda. In an gama yashe kwata a Sabuwar Gandu ko Panshekara ko Gama, sauran lokacin ya isa a zauna a ƙofar mai unguwa, a karanta sakamakon awon rijiyoyi, a naɗa waɗanda za su kai takarda ga kansila da ma'aikatar muhalli da NESREA, a kuma sa ranar da za su dawo da amsa.